Ranar da Malama Tevreden Ta Zauna a Kujerar Baya

Shekara goma sha huɗu Mavis Tevreden ta yi tana koyar da tarihi a wata makarantar sakandare, a wani ƙaramin gari da ke tsakanin Rotterdam da Utrecht. Malamai sittin da biyu ne a makarantar, ita kaɗai ce baƙar fata. Abin bai cika tsaya mata a rai ba sai in watan Maris ya kama, aka iso babi na huɗu na littafin 'yan aji uku, babin cinikin bayi da gonakin rake na Suriname.

'Yan aji uku ba sa rufe baki. Shekarunsu sha biyar ne, komai sai sun yi gardama a kai, har buɗe taga da rufe ta. Amma da zarar Mavis ta rubuta sunan babin nan a allo, sai ajin ya yi tsit. Fararen su sunkuyar da kai kan littafi. Baƙaƙen, su uku cikin ashirin da takwas, su zuba mata ido. In ta yi tambaya sai dai ta amsa wa kanta.

Ɗaya ajin ukun yana hannun Wouter Hoekstra, dogon Bature mai gemu, wanda bai taɓa ɓoye cewa shi rago ne wajen shirya darasi ba. Da takardun Mavis yake koyarwa.

"Yau nawa sun kusa cinye ni ɗanye," ya ce mata ran Laraba a ɗakin malamai, bakinsa cike da burodi da cuku. "Wata har kuka ta yi, wasu biyu saura kaɗan su dambace. Minti hamsin kamar biyar. Naki fa?"

"Nawa kamar gidan makoki."

"Tsoronki suke ji. Ni kaina tsoronki nake ji."

"Kai da ka shekara tara kana cinye mini biskit?"

"Cikin tsoro nake ci."

Ta yi dariya, ta tura masa gwangwanin biskit ɗin.

Washegari Alhamis, tana tsakiyar bayanin yadda ake jera mutane a cikin jirgin ruwa, sai wata yarinya mai suna Fenna ta ɗaga hannu. Fenna Baturiya ce, shiru-shiru, kullum a layin gaba take zama.

"Malama, ina da tambaya, amma ba ta cikin littafi ba ce."

"Ina jin ki."

"In kina koya mana wannan abin, kina jin haushinmu?"

Wani ya yi tari a baya. Mavis ta ajiye alƙalamin allo. Ta daɗe tana jiran ranar da wani zai buɗe baki a wannan babin, sai ga shi ta zo mata a haka.

"A'a, Fenna. Shekararki nawa a 1863, da aka 'yanta bayi?"

Aka ɗan yi dariya, kafaɗu suka sauka. Ganin haka ya sa ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta rubuta sunanta a allo da manyan baƙaƙe.

"Duk kun san ma'anar kalmar nan, ai harshenmu ne. Tevreden, wato wadda ta gamsu, wadda ba ta da ƙorafi. Kakar kakata ba ita ta zaɓi sunan ba. Lokacin da za a 'yanta bayi, wani akawu ya zo gonar da take bauta a Suriname da littafinsa yana raba wa mutane sunaye. Da aka zo kanta ya rubuta wannan. Ban sani ba ko zolaya yake yi, ko kuwa abin da ya fara zuwa masa ke nan. Ba haushinku nake ji ba. Amma kullum na sa hannu a takardar jarrabawarku, da sunan da mutumin nan ya ba mu nake sawa."

Ba wanda ya sunkuyar da kai. Hannu uku suka tashi lokaci ɗaya. Thijs Rademaker bai jira a kira shi ba. Yaro ne mai barkwanci, ba mugu ba, sai dai bakinsa ya fi tunaninsa sauri.

"Amma Malama, babana ya ce ai 'yan Afirka su suka sayar da 'yan'uwansu. Me ya sa ba a faɗar wannan? Kullum mu ne masu laifi."

"An faɗa, Thijs, yana shafi na saba'in da shida. Gaskiya ne, akwai sarakuna da fatake a Afirka da suka kama mutane suka sayar. Amma laifin mai sayarwa bai wanke wanda ya saya ya ɗora wa mutum ƙarfe mai zafi a kafaɗa ba."

"To, amma dai ƙarshe ai ku kuka ci riba," ya ce, yana waige-waige ko za a yi dariya. "Ga shi kuna nan kuna jin daɗi. Da ba a kwaso ku ba, da yanzu kuna can cikin daji."

Mavis ta ji kalmar ta sauka a ƙirjinta. Ta san abin da ya kamata ta ce, yana nan a kan harshenta. Amma ta tsaya tana auna muryar da za ta faɗe shi da ita, don kada ta yi tsauri a ce ta fusata, kada kuma ta yi laushi a ce ta yarda. Tana cikin aunawar nan wani abu ya wuce fiu ta saman kawunan yara. Gwangwanin ajiyar alƙaluma ne, na ƙarfe. Ya sami Thijs a gira, jini ya tsatsafo.

Shanaya ce ta jefa, ɗaya daga cikin baƙaƙen nan uku. Iyayenta 'yan tsibirin Curaçao ne, ita ce kuma ke zuwa ta ɗaya a tarihi tun daga aji ɗaya. Tana tsaye a bayan teburinta.

Dokar makarantar a fili take: wanda ya yi jifa waje zai fita, ya je ofis. Game da magana kuwa, an bar wa malami ya duba. Idon ajin gaba ɗaya na kan Mavis, kowa na jira ya ga wa za ta kora.

"Shanaya, tafi ofis. Thijs, ungo hankici ka danne wurin. Ni da kai za mu yi magana in an tashi."

Shanaya ta ɗauki jakarta. Da ta kai bakin ƙofa ta waiwayo.

"Har da ke, Malama?"

Ta fita ba ta jira amsa ba.

Da aka tashi Mavis ta zaunar da Thijs. Ya ce shi tambaya kawai ya yi. Ta ce rabin farko tambaya ce, rabi na biyu cin mutunci ne, ta sa shi ya rubuto shafi biyu a kan shafin da ta ambata. Ya tafi yana ƙunƙuni.

Ran Juma'a shugabar makaranta, Annemiek van Dommelen, ta kira ta. Mace ce mai kirki, ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Ta zuba kofi da kanta, ta ajiye biskit ɗaya a gefen kowane kofi. Akwai wata takarda a kife a gabanta.

"Kafin komai, ba wanda ya ce kin yi laifi."

"To wa ya rubuto?"

Annemiek ta juyo mata da takardar. Mahaifin Thijs ne. Ya ce malamar tarihi ta kawo damuwar danginta cikin aji, ta sa ɗansa ya ji kamar mai laifi saboda launin fatarsa, har wata ɗaliba ta sami ƙarfin gwiwar fasa masa goshi. Ya ce ba shi da matsala da kowa, amma yana ganin irin wannan darasi ya fi dacewa da wanda zai iya tsayawa a tsakiya.

"Ƙarfin gwiwa? Korar ta fa na yi."

"Na sani. Mahaifiyar Shanaya ma ta bugo waya."

"Ta ce me?"

"Ta ce ba ta taɓa zaton ke ce za ki kori 'yarta ki bar wanda ya ci mutuncinta a zaune ba."

Mavis ta kalli kofin, ba ta taɓa shi ba.

"Ga abin da na yi tunani," in ji Annemiek. "Darasi biyu suka rage a babin. Wouter ya karɓa, ke ki karɓi nasa na babi na biyar. Don a sauke miki nauyi ne, Mavis. Abin ya yi miki kusa da yawa."

"Bara Wouter yana koyar da mamayar da Jamus ta yi wa ƙasar nan a yaƙin duniya na biyu, ya kawo hoton kakansa da katin rabon abincin gidansu. Ya ba yara labarin yadda suka ci saiwar furanni don yunwa. Ke da kanki kika sa aka buga a jaridar makaranta."

"Wannan daban ne."

"Ta ina?"

Annemiek ta daɗe tana juya cokali a kofinta.

"Ba wanda ya rubuto takarda a kan wannan," ta ce a hankali.

Mavis ta san za ta iya cewa a'a. Ta kuma san yadda za a kira a'ar tata a taron iyaye. Abin da kawai ta nema shi ne a bar ta ta zauna a ajin lokacin darasin. Annemiek ta ce babu damuwa, har ta ɗan taɓa mata hannu.

Ran Lahadi ta tafi Rotterdam wajen mahaifiyarta. Mama Ilse ta shekara talatin da huɗu tana aikin jinya a gidan tsofaffi kafin ta yi ritaya. Ta dawo daga coci ke nan, ko hular ba ta cire ba take fito da tiren pom, abincin Suriname na gwaza da kaza, daga tanda, ƙamshin kaza da lemo ya cika falon.

"Kin rame. Burodi da cukun nan ne zai kashe ki. Zauna."

Mavis ta ba ta labari tun daga farko. Tsohuwar tana zuba abinci tana saurare.

"Ke kuma wa ya aike ki ba su labarin sunanmu?"

"Tambaya ta aka yi, Mama."

"Ni ma an sha tambaya ta. Wata tsohuwa ta taɓa ce mini kada baƙin hannu ya taɓa ta. Na ce to, ranki ya daɗe, farin hannu zai shigo ƙarfe uku, ki jira shi. Ta jiƙa shimfiɗa tun safe fa. Kafin sha ɗaya ita ke danna ƙararrawa tana kiran sunana."

"Sai kika je?"

"Da wa zai je?" Ta miƙa mata barkono. "Ita yarinyar da ta yi jifan, ta same shi da kyau?"

"Mama!"

"Tambaya na yi. Da ina wurin da na miƙa mata jakata ta ƙara masa."

Mavis ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Me ya kamata in yi?"

Mama Ilse ta zauna, ta cire hular ta ajiye a cinya.

"Na yi zaton in kin yi digiri ba za ki zo mini da irin tambayar nan ba. Shi ya sa na matsa miki ki yi. Ban sani ba, 'yar nan. Ci kafin ya huce."

Ran Talata Wouter ya tare ta a bakin aji, fuskarsa duk a yamutse.

"Ban nemi wannan ba, kin sani. In kin ce kada in yi, yanzu zan je in gaya wa Annemiek."

"In ka ƙi wa za su kawo? Malamin lissafi? Shiga kawai. Hoto na bakwai kada ka yi saurin wuce shi."

Ta wuce can baya ta zauna a kujerar da ba kowa, kusa da taga. Yara suna shigowa suna satar kallonta. Thijs da filasta a gira. Shanaya ta dawo daga dakatarwar kwana biyu, ta zauna ba ta dubi kowa ba.

Wouter ya fara da hotunan da Mavis ta tattara, a jerin da ta jera su. Wasu jimlolin ma nata ne kalma da kalma, har wurin da take ɗan dakatawa shi ma yana dakatawa. Kafin minti goma hannuwa sun tashi. Wani ya tambayi ko nawa ake sayar da yaro ƙarami. Wata ta ce kakarta har yau tana kiran baƙaƙe da sunan nan da ba a faɗa, kuma ba ta san yadda za ta hana ta ba. Thijs ya sake kawo maganar babansa, wannan karon a hankali.

"Thijs," in ji Wouter, "in na sace kekenka na sayar wa Fenna, ita kuma ta san na sata ne, ta yi ta hawa shekara ɗari biyu, za ka ce Fenna ba ruwanta?"

Ajin ya fashe da dariya.

"Kuma abin da aka ce mini ka faɗa ran Alhamis maganar banza ce. Ka sani, na sani. Ko ba haka ba?"

Kunnuwan Thijs suka yi ja. "Haka ne, Malam."

"To ka ba wadda ka ɓata wa rai haƙuri, ba yanzu ba, in an tashi. Mu ci gaba."

Shi ke nan. Ba wanda ya ɓata fuska. Mavis ta zauna tana tunanin abin da zai biyo baya da daga bakinta kalmar banza ta fito. Ta kuma yi tunanin keken. Ita ba za ta iya kwatanta kakar kakarta da keke ba, ko da za a yi dariya, amma ga shi da keken yaron ya gane.

Darasi ne mai kyau, ba ta taɓa ganin babin nan ya yi rai haka a ɗakin ba. Sai dai ta lura da wani abu. Duk wanda zai faɗi magana mai nauyi sai ya ɗan waiwayo baya, ya rage murya, ya gyara kalma. Wani yaro ya ɗaga hannu, suka haɗa ido da ita, ya sauke ya yi kamar kansa yake sosawa. Fenna ta juyo ta yi mata wani murmushi irin na ban haƙuri.

Saura kwata a tashi Mavis ta miƙe a hankali, ta yi wa Wouter alama da hannu, ta fita. Ta tsaya a baranda ta jingina da bango. Ba a yi minti ɗaya ba hayaniya ta ninka a ciki, muryoyi biyar shida suna hawa kan juna, har da na waɗanda ba ta taɓa jin sun yi magana ba. Ta kasa kunne ko za ta ji muryar Shanaya. Ba ta ji ba.

Da aka tashi makaranta ta sami Shanaya a rumfar kekuna tana kokawa da makulli. Yayyafi ake yi.

"Shanaya, ba ni minti ɗaya."

"Ina da aiki a kanti ƙarfe huɗu, Malama."

"Jifa kika yi. Ko wane malami ne dole ya fitar da ke."

"Na sani. Ba korar ce ta dame ni ba."

"To mene ne?"

Yarinyar ta miƙe, makullin a hannunta.

"Da ya ce ku, ba da ni kaɗai yake ba. Har da ke. Na jira ki ce wani abu, na ƙirga har goma a raina, ba ki ce komai ba. Yau Malam Hoekstra ya ce masa maganar banza ce a gaban kowa, ko numfashi bai ja ba. Me ya sa shi zai iya, ke ba za ki iya ba?"

Mavis tana da amsa, doguwa ce, akwai takardar mahaifin Thijs a ciki, da kofin Annemiek, da shekara goma sha huɗu na auna murya. Ta dubi yarinyar ta ga babu ko ɗaya a ciki da zai amfane ta.

"Na makara," ta ce. "Ina neman yadda zan faɗa ne, na makara. Ki yi haƙuri."

Shanaya ta rataya jaka, ta goge ruwan da ke kan sirdi da hannun riga.

"Ni da na ɗauka in mutum ya girma, ya yi karatu, ya sami aiki, abin yana dainawa."

"Wani yana raguwa."

"Wanne?"

Shanaya ta ɗan jira, sannan ta ce sai gobe, ta hau kekenta.

Darasi na biyu Mavis ba ta shiga ba. Mahaifin Thijs ya rubuto ya gode wa makaranta da ta ɗauki mataki cikin hikima. A taron malaman tarihi aka tsayar cewa baɗi ma haka za a yi, Wouter ya ɗauki babi na huɗu a azuzuwan biyu, tunda tsarin ya yi aiki. Wouter ya ce shi bai yarda ba, aka rubuta cewa bai yarda ba, aka wuce batu na gaba.

A watan Mayu 'yan aji uku suke zaɓar darussan da za su ci gaba da su, kowane malami kuma ya sa hannu a takardar ɗalibansa. Thijs ya zaɓi tarihi. Fenna ma haka. Da Mavis ta zo kan takardar Shanaya ta tarar da gurbin tarihi babu komai, ta koma ɓangaren kimiyya, inda da ƙyar take tsallakewa. Ta ɗauki waya ta kira mahaifiyar Shanaya, ta ce yarinyar nan ba ta da na biyu a tarihi, asara ce ta bari. Matar ta saurare ta har ƙarshe cikin ladabi, ta ce ta gode da kulawa, amma Shanaya ta riga ta yanke shawara, su kuma ba sa son matsa mata.

Mavis ta ajiye takardar a aljihun tebur har kwana uku. Ran Juma'a sakatariya ta leƙo ta ce saura nata kaɗai ake jira. Ta fito da ita, ta sa hannu, ta miƙa.